Tom da Jerry: Tarihin faɗan mussa da kusu, da gwanin Tawa da yaranmu ba su sani ba

Duk wanda ya taɓa yin yammaci a Madawa ko Buza ko Keita da ke Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ba zai rasa cin karo da gungun yara sun yi cincirindo a bakin shagon mai cajin waya ko gaban talabijin ɗin wani mai shago ba, sun ƙura ido suna ta ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki. Idan mai karatu ya leƙa don ya ga abin da ya ɗauke musu hankali haka, sau da yawa zai tarar wata kyanwa ce mai ruwan toka ke fafarar wani ɗan ɓera mai ruwan ƙasa, ko kuma kamar yadda mutanen wannan yanki ke faɗi, mussa ce ke bin kusu. Kusun ya shige rami, mussa ta yi karo da bango ta baje kamar waina, can kuma ta miƙe garau ta ci gaba da bin sa kamar ba abin da ya same ta.

Wannan shi ne katun ɗin Tom da Jerry. Yaran da ke wannan dariya ba sa jin Turanci, wasunsu ko Faransancin da ake koyarwa a lakwal bai zauna musu ba, amma babu wanda ke buƙatar a fassara masa komai. Abin da ƙila ba su sani ba shi ne, abin da suke kallo ya girmi iyayensu, wani ma ya girmi kakanninsu, kuma tun asali an yi shi ne don manya da yara masu sayen tikiti su shiga gidajen silima na Amurka. Wani abin da ba su sani ba kuma, wanda shi ne ya sa muka ɗauko wannan batu, shi ne mutumin da duniya ke kallo a matsayin uban wannan sana'a ta zane mai motsi a Afirka ta kudu da Sahara, a birnin Tawa ya yi zamansa na ƙarshe, wato a hedikwatar jiharsu.

Yadda aka haifi Tom da Jerry

Tun kafin Tom da Jerry, masu zane a Amurka sun daɗe suna cin abinci da gabar kyanwa da ɓera. A 1913 wani mai zane da ake kira George Herriman ya soma fitar da zanen barkwanci na Krazy Kat a jarida, inda wani ɓera mai suna Ignatz ba ya da aiki sai jifan kyanwa da tubali. A 1919 aka samu kyanwar nan Felix a silima, sannan a 1928 Walt Disney ya fito da ɓeransa Mickey Mouse. Saboda haka lokacin da wasu ma'aikata biyu na sashen katun na kamfanin MGM, wato William Hanna da Joseph Barbera, suka kawo shawarar yin wani fim na kyanwa da ɓera, abokan aikinsu ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, don gani suke yi tsohon zance ne.

A ranar 10 ga Fabrairun 1940 aka saki fim ɗin da sunan Puss Gets the Boot. A cikinsa sunan kyanwar Jasper, ko sunan Hanna da Barbera ma bai fito a jikin fim ɗin ba, sunan mai gidansu Rudolf Ising aka rubuta. Sai ga shi fim ya karɓu, har ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don takarar kyautar Oscar, wadda ita ce babbar kyautar fim a Amurka. Ganin haka shugaban sashen, Fred Quimby, ya ba su umarnin su ci gaba. Aka sa gasar raɗa suna a tsakanin ma'aikata, wani mai zane John Carr ya kawo Tom da Jerry, ya karɓi ladan Dala 50 ta Amurka. Fim na biyu, The Midnight Snack, wanda ya fito a 1941, shi ne na farko da ya ɗauki waɗannan sunaye.

Daga 1940 zuwa 1958, Hanna da Barbera sun fitar da gajerun finafinai 114 na Tom da Jerry. Barbera ke tsara labari da zanen farko, shi kuma Hanna ya auna lokacin kowane motsi, har ma ihun da Tom ke kurmawa idan ya sha wuya, muryar Hanna ce. Finafinan sun shiga takarar Oscar sau 13, suka ci sau 7, daga The Yankee Doodle Mouse na 1943 zuwa Johann Mouse na 1952. Abin mamaki, Quimby ne ke hawa dandamali ya karɓi kyautar a matsayinsa na shugaba, waɗanda suka sha wahalar aikin kuwa suna zaune. Ashe kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin sa ba.

Wahalar minti bakwai

Ya kamata mai karatu ya san cewa a wancan zamani babu kwamfuta. Injin silima yana nuna hoto 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, ke nan fim mai tsawon minti 7 yana ɗauke da hoto sama da 10,000. Sai an zana motsi ɗaya bayan ɗaya a takarda da fensir, a kwafe a kan wata leda mai garai-garai, a shafa launi a bayanta, a ɗora ta a kan zanen ɗaki ko kicin, sannan a ɗauke ta da kyamara, a cire a ɗora ta gaba. Don haka kowane fim kan ci makonni da dubban daloli, ga kuma ƙungiyar makaɗa sukutum a ƙarƙashin Scott Bradley, wanda ke tsara kiɗan da zai dace da kowane taku da kowace faɗuwa.

A wannan kiɗa da rashin magana sirrin yake. Tom da Jerry da ƙyar suke furta kalma, kiɗa da motsin jiki ke ba da labari, kamar yadda kalangu ke yi wa mahauci ko ɗan dambe magana ba tare da an buɗe baki ba. Finafinan Indiya sai da aka riƙa ɗora musu muryar Hausa a Kano kafin tsofaffi a ƙauye su bi labarin daki-daki, amma mussa da kusu ba su taɓa neman tafinta ba. A fim ɗin The Cat Concerto, wanda shi ma ya ci Oscar, Tom ne ke kaɗa fiyano a gaban jama'a, Jerry kuma yana barci a cikin fiyanon, aka tashe shi, sai rigima ta ɓarke ba tare da kiɗan ya tsaya ba. Yaro a Buza zai fahimci wannan kamar yadda yaro a Tokiyo zai fahimta.

Rufe sutudiyo da komawa talabijin

Irin waɗannan gajerun finafinai ana nuna su ne kafin a sa babban fim a silima. A da, manyan kamfanoni su ne ke da gidajen silima da yawa, kuma sukan tilasta wa sauran masu silima su karɓi kayansu a dunƙule, babban fim da ƙanana. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya karya wannan tsari, ga kuma talabijin ta shigo gidaje ta rage masu zuwa silima. Kamfanin MGM ya lura cewa idan ya sake fito da tsohon katun yana samun kuɗin da bai yi nisa da na sabo ba, don haka a 1957 ya rufe sashen katun ɗin baki ɗaya. Hanna da Barbera suka kafa nasu kamfani suka koma yi wa talabijin aiki, inda daga baya suka fito da The Flintstones a 1960 da Scooby-Doo a 1969.

Ba a jima ba MGM ta yi kewar mussa da kusu. Ta ba wani Ba'amurke mai suna Gene Deitch kwangila, ya yi guda 13 a tsakanin 1961 da 1962 a birnin Prague na ƙasar Cekoslobakiya ta wancan lokaci, da kuɗi kaɗan da ma'aikatan da ba su saba da salon ba, shi ya sa masu kallo ke ganin na wannan zubi sun fita daban. Daga 1963 zuwa 1967 kuma Chuck Jones ya yi 34, inda ya ƙara wa Tom kaurin gira, ya ƙara wa Jerry girman kunne. Jimilla 161 ke nan, waɗanda su ne ake kira na asali.

A 1965 tashar CBS ta soma nuna su a talabijin. A 1986 attajirin nan Ted Turner ya sayi rumbun tsofaffin finafinan MGM, a 1992 ya buɗe tashar Cartoon Network, sannan a 1996 kamfaninsa ya haɗe da Time Warner, abin da ya sa Tom da Jerry suka koma hannun Warner Bros. Hanna ya mutu a 2001, Barbera a 2006, amma har a 2021 an sake fito da sabon dogon fim na Tom da Jerry. Wannan shi ne abin da muke so mai karatu ya riƙe: tun daga 1940 ba a taɓa samun lokacin da waɗannan finafinai suka rasa mai adana su da mai tallata su ba.

Yadda suka iso mana, da abin da suka zo da shi

A wannan yanki namu, mussa da kusu sun bi hanyar da sauran kaya ke bi. Mutanen Adar sun shahara da tafiya ci-rani Nijeriya da Kwaddibuwa da Libiya, masu albasar Madawa kuma motocinsu ba sa rabuwa da hanya, ga kasuwannin iyaka irin su Birnin Ƙonni da Illela. Da aka shiga zamanin bidiyo kaset ya shigo, bayansa faifan CD, sai tauraron ɗan Adam, yanzu kuma ɗan katin da ake sa wa a waya ya isa ya ɗauke su da dama. Inda babu wutar lantarki, janareta ko farantin hasken rana ya wadatar.

Ba abin mamaki ba ne da abin ya shiga ran yaranmu haka, domin ya tarar da gurbi a shirye. Tatsuniyoyinmu cike suke da ƙaramin da ya fi babba wayo: Gizo ya yaudari giwa, dila ya damfari kura, kurege ya sha da ƙyar. Bahaushe ya riga ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Shi kuwa kusu, duk manomin da ya ɗaure damman gero ya zuba a rumbu a Keita ya san shi sarai, ya kuma san dalilin da ya sa ake ajiye mussa a gida.

Sai dai kuma akwai ƙura a cikin kayan. Ana sukar finafinan da yawan duka da sara da fashe-fashen nakiya waɗanda ba sa barin ko tabo, abin da ka iya sa ƙaramin yaro ya ɗauka haka rayuwa take. A 2016 shugaban hukumar yaɗa labarai ta gwamnatin Masar, Salah Abdel Sadek, ya fito fili ya zargi Tom da Jerry da taimakawa wajen cusa wa matasan ƙasashen Larabawa son tashin hankali, maganar da mutane da yawa suka ɗauka ta yi tsauri. A 2006 kuma, bayan koken da aka kai wa hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta Birtaniya, tashar Boomerang ta amince ta yanke wuraren da ke ƙawata shan taba.

Wanda ya fi shafar mu shi ne yadda aka zana baƙar fata. A finafinan farko akwai wata mata baƙa mai ƙiba da ake kira Mammy Two Shoes, wadda kusan ba a nuna fuskarta sai ƙafafu da tsintsiya, an kuma yi ta ne a siffar baiwar gida kamar yadda Turawan Amurka na lokacin ke kallon baƙaƙe. Wata 'yar wasa baƙar fata, Lillian Randolph, ita ke yi mata murya. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka ta NAACP ta yi ƙorafi, daga 1952 ba a sake sa ta ba. Haka nan akwai wuraren da idan nakiya ta fashe, sai fuskar Tom ta koma baƙa ƙirin da manyan leɓɓa don a yi dariya. A 2014 kamfanin Amazon ya riƙa sa gargaɗi a kan finafinan cewa suna ɗauke da wariyar launin fata ta wancan zamani. Kwafin da ke yawo a wayoyin yaranmu kuwa ba ya zuwa da wani gargaɗi, sai dai in uba ko uwa sun zauna sun yi bayani.

Gwanin da ke Tawa

A daidai lokacin da MGM ke neman wanda zai ci gaba da zana mata kyanwa da ɓera, wani saurayi a Nijar yana ta fafutukar koya wa kansa wannan sana'a. Sunansa Mustafa Alasan, wanda a takardu ake rubutawa Moustapha Alassane, an haife shi a 1942. Tun yana yaro yake yanka kwali ya yi siffofi, ya haska su da fitila ya nuna wa jama'a inuwarsu. Makanike ya fara zama, kafin ya haɗu da Bafaranshen nan mai binciken al'adu da ɗaukar fim, Jean Rouch, a cibiyar bincike ta IFAN da ke Yamai. A 1962 ya yi fim ɗinsa Aouré a kan aure a ƙasar Zabarma, wanda ke cikin finafinan farko da ɗan Nijar ya yi. Rouch ya taimaka masa ya je hukumar finafinai ta ƙasar Kanada, inda ya ƙaru da shahararren mai zane mai motsi Norman McLaren.

Daga nan ya fito da La Mort de Gandji, katun da aka yi da kwaɗi a fadar sarkinsu, wanda ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekara ya yi Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun a kan shugaban wata jamhuriya ta kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki ƙasar maƙwabta, da fareti da jiniya da duk wani burga na sababbin shugabannin Afirka bayan samun 'yancin kai. Inda Hanna da Barbera ke sa dabbobi su doki juna don dariya kawai, shi Mustafa habaici yake yi da su, irin na tatsuniya, wanda mai mulki zai ji a jikinsa amma ya rasa inda zai kama.

Bai tsaya a katun ba. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka hana ƙauye sakat, fim ɗin da ya fito da Zalika Sule da Jingarai Maiga. Idan aka duba da kyau, tun a lokacin yana gargaɗi ne a kan abin da kallon finafinan waje ke yi wa matasa. A 1972 ya yi FVVA, wato mace da gida da mota da kuɗi, shekarar da ɗan ƙasarsa Umaru Ganda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO ta farko a Wagadugu. A 1977 ya yi Samba le grand da 'yan tsana, ya kuma shafe shekara 15 yana shugabantar sashen fim a Jami'ar Yamai.

Daga baya ya tare a Tawa, inda ya riƙe otal, ya mayar da wasu ɗakunansa wurin aikin fim, yana ƙera 'yan tsana da kayan aiki da hannunsa, har ya koyi aiki da kwamfuta da girmansa. Cikin ayyukansa akwai Kokoa, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya wa Bahaushe abin da ke ciki: gasar kokawa ce tsakanin dabbobi irin su kwaɗo da hawainiya, da makaɗa da 'yan kallo da alƙalin wasa. Duk wanda ya san cewa a Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ya kuma san yadda ake rufe shaguna a kasa kunne a rediyo idan ana neman takobi, zai gane cewa wannan fim da yaran Madawa da Buza da Keita aka yi shi.

Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a bikin finafinai na Cannes a 2007. Allah ya yi masa rasuwa a Wagadugu ranar 17 ga Maris na 2015. A 2017 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York, wanda aka fi sani da MoMA, ya ware kwanaki yana nuna finafinansa, wato a ƙasar su Tom da Jerry.

Ina aka bar yaranmu?

Muna roƙon mai karatu ya yi ɗan gwaji a gidansa. Ya tara yara ya tambaye su wane ne Tom, wane ne Jerry, sannan ya tambaye su wane ne Sim shugaban kwaɗi, ko wa ya yi Kokoa. Amsar da zai samu ita ce damuwarmu. Kuma laifin ba na yaran ba ne, abin da aka kawo musu shi suke kallo. Hanna da Barbera sun samu kamfanin da ya adana aikinsu, ya gyara shi, ya ɗauke shi daga silima zuwa talabijin, daga kaset zuwa intanet. Mustafa Alasan shi kaɗai ya yi ta fama da ɗan abin da ke hannunsa, a ƙasar da gidajen silimarta suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga ɗalibin fim a Turai ya fi ɗan Tawa sauƙin ganin aikinsa.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ma'aikatar al'adu ta Nijar na iya zama da iyalansa da masu riƙe da haƙƙin finafinan a samo kwafi masu kyau, gidajen talabijin na gwamnati da masu zaman kansu su riƙa sa su a shirin yara. Gidajen matasa da al'adu na Madawa da Buza da Keita na iya shirya daren majigi, musamman a lokacin gasar kokawa. Jami'ar Djibo Hamani da ke Tawa ita ta fi cancanta ta tattara kayan aikinsa da tarihinsa kafin su salwanta. Su kuma matasanmu na Kano da Maraɗi da Zariya da ke koyon zane da kwamfuta, ga Gizo da Ƙoƙi da Botorami nan suna jira, kuma wayar da ke aljihunsu a yau ta fi duk kayan aikin da Mustafa ya fara da su ƙarfi.

Ba muna cewa a hana yara kallon mussa da kusu ba ne, mu ma mun kalla mun yi dariya. Roƙonmu shi ne iyaye su riƙa leƙa abin da ke cikin wayar, su yi bayani inda ya kamata, hukumomi kuma su sa kwaɗin Mustafa a gefen kyanwar Amurka, yaran su zaɓa da kansu. Allah ya jiƙan Malam Mustafa Alasan, ya ba na baya ikon ɗorawa daga inda ya tsaya.